Sakamakon Jarrabawa da Tarihin Ɗaliba: Nazari a Kan 'Yan Matan Sakandare na Ƙasar Anka, Bukkuyum da Gummi



Abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa a wannan taro shi ne ƙoƙarin 'yan mata a makarantar sakandare, da kuma siffar ɗalibar da ke zaune a cikinta. Al'adar tarurruka irin wannan ta gudana a kan cewa mai maƙala yakan zo da jadawalin waɗanda suka ci kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a jarrabawar WAEC ko NECO, ya jera makarantu daga ta sama har zuwa ta ƙasa, ya yabi wannan shugaba, ya zargi waccan, a tafa masa a watse. Ni kuwa, da na dubi halin da yammacin Zamfara ke ciki, wato ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, sai na ga cewa wannan hanya ba za ta kai mu ga adalci ba, matuƙar ba mu gabatar da tambayar da ta riga ta ba, wadda ita ce: wace ce wannan yarinya da muke auna ƙoƙarinta, a ina aka haife ta, a wace shekara, kuma kwana nawa aka bar ƙofar ajinta a buɗe?

Ba zan ɓata wa mahalarta lokaci a kan halascin karatun mata ba, domin mas'ala ce da magabata suka gama da ita, kuma ƙasar nan tamu tana da rabo a cikin tarihin gamawar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, mata suna halartar majalisinsa. Da wani malami mai suna Mustafa Gwani ya yi inkarin haka, ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, ya mayar masa da jawabi, kamar yadda ya hakaito a littafinsa Tazyinul Waraƙati, bisa hujjar cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. Bayan haka Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji ke ɗaukar karatu su kai wa matan ƙauyuka har cikin gidajensu. Abin lura a nan, wanda shi ne ya shafe mu, shi ne cewa a tsarin Nana karatu ne ke tafiya zuwa ga yarinya, amma a tsarin boko, tun daga makarantun mata na farko da aka buɗe a Kano da Katsina a 1930, da cibiyar horar da mata ta Sakkwato a 1939, har zuwa makarantun kwana irin na Kwatarkwashi da Gusau, yarinya ce ke barin gida ta tafi zuwa ga karatu. Duk abin da ya sa hanya ta yi tsada ko ta yi haɗari, to, ya yanke wa 'yar ƙauye karatu ke nan, ko da iyayenta suna so.

Akwai alƙaluma biyu da aka daɗe ana yi wa Zamfara gori da su. A 2013, makin da aka yanke domin shiga makarantun haɗin kai na Gwamnatin Tarayya ya kasance 139 ga 'yan jihar Anambara, amma ga 'yan Zamfara maki 4 ne ga namiji, 2 ga mace. A 2018 kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ta koka cewa yara 28 kacal suka yi rajistar wannan jarrabawa daga jihar baki ɗaya, alhali kuwa akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya a nan Anka, da ta 'yan mata a Gusau. Masu gori sun ɗauki maki 2 a matsayin mizanin basirar Bazamfara, wanda ƙiyasi ne ɓatacce, domin alƙalami na biyu ya riga ya fassara na farko: inda masu nema suka yi ƙaranci har guraben suka fi su yawa, dole maki ya faɗi ƙasa, ko da kuwa ƙauyukan cike suke da yara masu kaifin ƙwaƙwalwa da ba wanda ya saya musu takardar shiga. Irin wannan illa tana nan a cikin jadawalin kowace makaranta, sai dai ta wata fuska. Makarantar da raunanan ɗalibanta suka zube tun a ƙaramar sakandare, wasu aka aurar da su, wasu suka koma talla, za ta gabatar da 'yan kaɗan zaɓaɓɓu a aji shida, sakamakonta ya yi kyau, a ba shugabarta lambar yabo. Ita kuwa wadda ta bi iyaye gida gida tana lallashi har ta riƙe raunanan zuwa ƙarshe, adadin masu kiredit biyar zai ragu a wurinta, a kira ta a yi mata faɗa. Wanda ya auna dawa a rumbu ya yanke wa manomi hukunci, bai tambayi ko gonar ta sha ruwa ba, bai yi insafi ba.

Yanzu sai in zo ga abin da ya keɓanci wannan yanki, wanda babu irinsa a Kano ko Zariya, kuma wanda a ganina shi ne babban giɓin da ke cikin duk wata magana da ake yi a kan ƙoƙarin ɗalibanmu.

Bayan da farashin zinariya ya tashi a kasuwannin duniya daga 2008, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum, waɗanda noma ne asalin sana'arsu, suka duƙufa ga haƙo dutse, suna kawo shi cikin gari a buhuna, a farfasa shi, a niƙa shi da injin niƙan hatsi, wani ma a daka shi a turmi a tsakar gida, a wanke, a shanya a inda yara ke rarrafe. Kuma abin da ba wanda ya sani a lokacin shi ne cewa jijiyar dutsen da aka faɗa a kanta tana ɗauke da dalma mai yawan gaske. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yadda ƙananan yara ke mutuwa da jijjiga da shiɗewa, maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba ya yi musu aiki, har gwajin jini ya tabbatar da cewa gubar dalma ce. Ƙauyukan da aka fara sani su ne Abare, Dareta, Duza, Sunke da Tungar Daji a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, sannan Bagega, wadda ta fi su girma. Aƙalla yara 400 suka rasu. Binciken da masana na cibiyar CDC ta Amurka suka yi tare da hukumomin Nijeriya a ƙauyuka biyu, wanda aka buga a 2012, ya gano cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya bisa huɗu, kuma kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka gwada jininsu sun kai ko sun haura maikirogiram 45 a kowace desilita, wanda shi ne haddin da likita ke fara ba da maganin fitar da guba. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali haddin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga wurin wasan yara 400 ne.

An yi aiki, kuma wajibi ne a faɗa. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan jiha da samarin ƙauyukan, sun kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje suka zuba sabuwa, a Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, a Abare da sauran huɗun daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011, Bagega kuwa sai a 2013, bayan jinkirin sakin kuɗi da ya jawo ƙorafi a ciki da wajen ƙasa. An yi wa dubban yara magani, mace-mace suka ragu ƙwarai, kuma a 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha. Duniya ta ƙirga matattu, ta yi ta'aziyya, ta juya ga wani abu. Amma rayayyun fa? Yaran da suke goye ko suke tatata a 2010 su ne samari da 'yan matan da ke cikin shekarun sakandare a yau, ko suka fita daga cikinsu kwanan nan.

Abin da ilimin likita ya tabbatar a kan dalma ba ɓoyayye ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwado nata a cikin jini da aka san ba ya cutarwa. Jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsewa daga abin da ya haɗiya, kuma yunwa da ƙarancin jini suna ƙara wannan tsotsa. Ɓarnar tana sauka a kan ƙwaƙwalwar da ke cikin ginuwa, ta taɓa fahimta, da riƙe abin da aka koya, da iya tsayar da hankali a kan abu guda, wani lokaci har da ji. Maganin da aka ba yaran yana ceton rai, yana rage dalmar da ke yawo a jini, amma wani babban gwaji da aka yi a Amurka, aka buga a 2001, a kan yaran da gubarsu ba ta kai ta namu ba, ya nuna cewa maganin bai dawo da abin da fahimta ta rasa ba. Akwai kuma wata mas'ala da ta keɓanci mace: dalma tana ɓuya a cikin ƙashi shekaru masu yawa, kuma idan ciki ya shiga, jiki ya fara jan sinadarin ƙashi domin gina ɗan tayi, sai ta fito ta koma jini, ta isa ga abin da ke cikin. Ke nan yarinyar da ta tsira a Abare, ko tana aji biyar ko tana ɗakin miji, lamarin bai rabu da ita ba.

A nan dole in yi taka-tsantsan, domin magana irin wannan tana da kaifi biyu. Abin da bincike ke nunawa matsakaicin hali ne na jama'a mai yawa, ba hukunci a kan kowane mutum ba; a cikin waɗanda suka sha wannan guba akwai masu haddar Alƙur'ani, akwai masu zuwa na ɗaya a aji, kamar yadda a cikin waɗanda ba su taɓa ganin dutsen zinariya ba akwai masu nauyin fahimta. Haka kuma mafi yawan 'yan matan Gummi da na cikin garin Anka ba su fito daga waɗannan ƙauyuka ba. Abin da nake cewa kawai shi ne: a cikin azuzuwanmu akwai wani kaso na ɗalibai da ke ɗauke da wannan tarihi, malamarsu ba ta sani ba, su ma wataƙila ba su sani ba, kuma idan ɗayarsu ta kasa riƙe darasin jiya, sunan da ake kiranta da shi shi ne daƙiƙiya, maganin da ake ba ta kuwa bulala.

Mu ɗauki misali da yarinyar da aka haifa a ɗaya daga cikin waɗannan ƙauyuka a 2008, mu bi ta da lissafin shekaru kawai. Tana da shekara biyu annobar ta sauka. Idan Allah Ya raya ta, aka sa ta firamare a kan kari, ta gama a kan kari, wanda ba kasafai yake faruwa ba, to, shekarar da za ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare ita ce 2020, shekarar da cutar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasa tun daga Maris har tsawon watanni. Da aka koma, ba a daɗe ba, a daren 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara maƙwabciyar Anka, suka tafi da ɗalibai, aka sako 279 ranar 2 ga Maris, gwamnati ta rufe makarantun kwana. Ranar 1 ga Satumba 2021 aka sace ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙasar Maradun, sai aka rufe makarantun jihar gaba ɗaya, aka katse layukan waya, yadda ko karatu ta waya da ake ta faɗa a wasu jihohi ba shi da hanya. A farkon Janairu 2022 aka kai munanan hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, jama'a suka kwararo cikin gari suna gudun hijira. A farkon 2022 ɗin ne aka sake buɗe wasu makarantu, wasu kuma suka ci gaba da zama a rufe. Shekara biyun farko na ƙaramar sakandare, inda ake kafa tubalin Lissafi da kimiyya, kuma inda yarinyar da ta tashi da Hausa ko Fulatanci take ƙoƙarin mayar da Turanci harshen tunaninta, sun tafi a tsakanin rufewa da buɗewa. Idan duk da haka wannan yarinya ta zauna jarrabawar fita a 2026 ta ci kiredit uku, jadawali zai rubuta ta cikin waɗanda suka faɗi. Ni kuwa, wallahi, ban ga wanda ya isa ya kira ta haka ba.

Ko waɗanda suka rubuta jarrabawar a shekarun baya ba duka suka ga sakamakonsu a kan lokaci ba, domin hukumomin jarrabawa sun riƙe sakamakon ɗaliban makarantun gwamnati saboda bashin da suke bin jihar, har sai da gwamnatin Dauda Lawal, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwamba 2023, ta shiga biyan bashin aka sake shi. Ga namiji jinkirin shekara biyu ɓacin lokaci ne, yana iya komawa ya nemi jami'a. Ga mace kuwa, a al'adarmu, sau da yawa shi ne rufewar ƙofa, domin uba ba zai zuba ido 'yarsa tana zaune tana jiran takarda ga masu neman aure suna sallama ba. Kuma kowace yarinyar da ta tsaya a nan, malama ce ko ungozoma da yankin ya rasa, alhali rashin malamai mata yana cikin manyan dalilan da ke sa iyaye su ƙi sakin 'ya'yansu idan sun fara girma.

Shirye-shiryen taimako sun zo, irin shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta gudanar a jihohin da suka haɗa da Zamfara daga 2012 zuwa 2022, da shirin AGILE na Bankin Duniya da aka shigar da jihar cikinsa daga baya, kuma ginin aji da katanga da makewayi abu ne mai fa'ida wanda ba mai hankalin da zai raina. Sai dai shawarar da nake kawowa ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Rajistar makaranta, kamar yadda muka san ta, tana ɗauke da suna, da sunan uba, da ƙaramar hukuma. Ina roƙon a ƙara mata ƙauyen da aka haifi ɗaliba da inda ta yi shekarunta biyar na farko, da shekarunta lokacin da ta shiga aji ɗaya, da ko danginta 'yan gudun hijira ne, da nisan da take takawa kowace safiya. Kowace shugabar makaranta ta rubuta adadin kwanakin da aka yi karatu na haƙiƙa a kowane zango, ta liƙa shi a jikin sakamakon da take aikawa ma'aikata. Idan za a auna makaranta kuma, a fara ƙirga daga waɗanda suka shiga aji ɗaya shekara shida da suka wuce, a bayyana inda kowace ta tsaya da sababin tsayawarta, aure ne, ko hijira, ko rashin kuɗi, ko rasuwa, sannan a zo ga kiredit. Da wannan ne kaɗai za a bambance makarantar da ta koyar da wadda ta tace.

Batun haɗa bayanan asibiti da na makaranta shi ne mafi wuya, kuma a nan nake neman malaman shari'a da ke cikin wannan zaure su taimaka. Malaman usulu sun lissafa kiyaye hankali a cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, tare da addini, da rai, da zuriya, da dukiya. Yarinyar da guba ta taɓa fahimtarta tana da haƙƙi a kanmu ta wannan babi, haƙƙin a zaunar da ita a gaban aji, a gwada jinta, a maimaita mata darasi cikin harshen da take ji, a ciyar da ita abinci mai gina jini, a ɗauke mata bulala. Amma suturta asirin Musulmi shi ma wajibi ne, kuma duk wanda ya san garuruwanmu ya san cewa ranar da aka ce wance 'yar dalma ce, maganar za ta riga ta isa gidan duk wanda zai nemi aurenta, kuma iyaye, don gudun haka, za su gwammace su cire ta daga makarantar baki ɗaya, mu wayi gari mun tunkuɗe ƙaramar ɓarna da babba. Saboda haka ra'ayina shi ne kada a miƙa wa makaranta sunan kowa. Bayanan gwajin jini su zauna a hannun ma'aikatan lafiya. Idan za a yi binciken da zai kwatanta su da sakamakon karatu, a yi shi da yardar iyaye da ta yarinyar, a cire sunaye, a fitar da adadi kawai. Ita kuwa makarantar da ke ɗibar ɗalibai daga Abare, Bagega, Dareta, 'Yargalma da maƙwabtansu, a ba ta ƙarin malamai, da ajin maimaici ga duk mai bukata ba tare da an tambaye ta daga ina ta fito ba, a horar da malamanta su gane alamun nauyin ji da na rashin tsayuwar hankali. Kuma a darasin kimiyya da na kiwon lafiya a faɗa wa 'yan matan duka, a sarari, abin da dalma ke yi wa mai ciki, domin kowace ta san abin da za ta gaya wa ma'aikaciyar asibiti ranar da ta je awo.

Saura abu guda. Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilu 2019, ta ɗage haramcin a Disamba 2024, kuma farashin zinariya a yau ya ninka na 2010. Ƙasar da aka kankare tana iya sake gurɓata idan aka dawo da niƙa cikin gida, ko mai haƙa ya shigo da ƙurar rami a tufafinsa ya ɗauki jaririyarsa. Hakimai da dagatai da limamai su ne suka sa aka fitar da injinan bayan gari a karon farko, kuma su ne ke da ikon hana su dawowa. Ma'aikatar ilimi kuwa, wadda za ta karɓi waɗannan jarirai a aji ɗaya na sakandare nan da shekara goma sha biyu, ya kamata ta nemi kujera a duk kwamitin da ke ba da izinin haƙa da niƙa a ƙasar Anka da Bukkuyum.